Waiwaye: Farautar lambar da ta gagari rabawa

A watan Oktoban 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia, ya gano lamba mai alƙaluma 41,024,320 wadda babu abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, kuma ta fi duk irinta da aka sani a lokacin girma. Danginta ƙanana ba baƙi ba ne. Duk ɗan Kantin Kwari ya san turmi 13 ba sa kasuwa daidai tsakanin mutum biyu, ko uku, ko huɗu.

Tun kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin lissafi Euclid ya tabbatar a Iskandariyya cewa irin waɗannan lambobi ba su da iyaka. Don haka ba ta ƙarshe ake nema ba, wadda ta fi ta jiya ake nema.

Abin lura shi ne kusan duk zakarun 'yan gida ɗaya ne. A jera 2 sau da yawa, a ninka su, a cire 1. Biyu a jere sau uku, wato 2×2×2, 8 ke nan, cire 1, saura 7. Biyu a jere sau biyar 32, saura 31. Gidan yana ɗauke da sunan Marin Mersenne, wani limamin kirista Bafaranshe da ya fitar da jerinsu a 1644, har da kurakurai a ciki. Kuma dabarar ba kullum take ci ba: a sau 11 ana samun 2047, wadda 23 da 89 suke raba ta.

Masanin lissafi Euler ya tabbatar a 1772 cewa 2,147,483,647, wadda ake samu a sau 31, ba ta rabuwa. A 1876 Édouard Lucas, da alƙalami da takarda kawai, ya tabbatar da wadda ake samu a sau 127, mai alƙaluma 39, ba a kuma wuce shi ba sai 1951. A ganina gwarzon labarin ke nan, domin gwajin da ya ƙirƙiro, wanda Derrick Lehmer ya gyara daga baya, shi ya bai wa wannan gida fifiko. Ba yawa suka fi ba, saurin tantancewa suka fi.

Kwamfuta ta karɓi aikin farautar 'yan wannan gida a 1952. Daga 1996 kuma George Woltman ya kafa wani shiri mai suna GIMPS, inda masu sa kai ke ara wa farautar kwamfutocinsu ta intanet. Ta Durant, sau 136,279,841, ita ce ta 52 da aka sani a gidan.

Ɗalibai a Jami'ar Bayero kan tambayi amfaninta. Gaskiya mai POS a Kofar Wambai ba ya buƙatar wannan ƙatuwa. Tsarin ɓoye bayanai na RSA, wanda aka fitar a 1977, lambobi marasa rabuwa masu alƙaluma ɗaruruwa yake ɗauka, guda biyu, ya ninka su; warware sakamakon ne ke gagarar ɓarawo. Ita kuwa ta Durant kowa ya san ta, ba ta ɓoye sirri. Har yau ma ba a tabbatar ko 'yan gidan Mersenne suna da iyaka ba.