Waiwaye: Yadda aikin kwamfuta a San Francisco ya riƙa zuwa yana tafiya

A birnin San Francisco na Amurka da yankin da ke kudu da shi, wanda ake kira Silicon Valley, aiki yana zuwa ne kamar damina, in ya zo har da ambaliya, in ya ɗauke kuma sai fari. Kuma ni a ganina duk labarin yana komawa ne kan abu ɗaya, arhar kuɗi. In babban bankin Amurka ya sauke kuɗin ruwa masu jari sai su yi ta watsa dala a kamfanoni, kamfanoni su yi ta kwasar ma'aikata, in ya ɗaga kuma kowa ya kama kansa.

A ƙarshen shekarun 1990 duk kamfanin da ya maƙala .com a sunansa kuɗi ke binsa, yaro ya iya haɗa shafin intanet kawai an ɗauke shi aiki har da hannun jari a kai. Ranar 10 ga Maris 2000 kasuwar hannun jari ta Nasdaq, wadda kamfanonin fasaha suka fi yawa a cikinta, ta kai maki 5,048, kafin Oktoban 2002 ta zube da kusan kashi 78 cikin ɗari. Kamfanonin sayar da kaya ta intanet irin su Pets.com da Webvan suka rufe, mutane suka tattara komatsansu suka bar garin.

Zagaye na biyu ya fi daɗewa. iPhone ta fito 2007, App Store, wato kantin sauke manhajojinta, 2008, a ƙarshen wannan shekarar kuma aka mayar da kuɗin ruwa kusan sifili saboda rikicin tattalin arziki, to daga nan ne su Uber da Airbnb suka taso. A 2011 hukumar birnin ta yi wa Twitter rangwamen haraji don kar ya bar garin. Injiniyoyi suka yi ƙaranci har aka buɗe makarantun gaggawa irin su Hack Reactor da Dev Bootcamp a 2012, mutum ya bar koyarwa ko aikin otal ya yi 'yan watanni yana koyon rubuta manhaja, ya fito kamfanoni na rububinsa. Abinci kyauta a ofis, motar kai ma'aikata kyauta, sai dai fa kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi, shi ya sa a 2013 'yan gari suka fara tare motocin bas na Google a kan titi.

Da korona ta zo sai abin ya wuce hankali. Kowa yana gida yana kan intanet, kamfanoni suka ɗauka haka za a dawwama. Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, shi kaɗai daga ma'aikata wajen 45,000 a ƙarshen 2019 ya haura 87,000 a 2022. To a Maris 2022 aka fara ɗaga kuɗin ruwa, kafin tsakiyar 2023 ya wuce kashi 5, sai sallama ta fara. Elon Musk ya sayi Twitter a Oktoban 2022 kan dala biliyan 44 ya kori kusan rabin ma'aikata a mako guda, Meta ya sallami 11,000 a Nuwamba, Google 12,000 a Janairun 2023, ga shi a Maris bankin Silicon Valley Bank, inda ƙananan kamfanoni ke ajiye kuɗin albashi, ya durƙushe. Wasu ma da asuba suka buɗe kwamfutar aiki suka ga an rufe musu shiga, ta haka suka san an kore su. Waɗanda suka fi shan wuya su ne baƙi masu bizar H-1B, wato bizar aiki ta ƙwararru, galibinsu 'yan Indiya, domin kwana 60 kacal doka ta ba su, ko su samu wani aikin ko su bar ƙasar da iyalinsu.

Abin mamaki a daidai wannan lokacin ne, 30 ga Nuwamba 2022, kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira (AI) mai hira da mutum, kuma a San Francisco yake, shi da abokin gogayyarsa Anthropic. Kuɗi sun dawo kam, amma ba kowa suka dawo wa ba. A 2025 Sam Altman, shugaban OpenAI, ya ce Meta na yi wa wasu ma'aikatansa tayin dala miliyan 100 don su sauya sheƙa, a shekarar kuma Marc Benioff, shugaban kamfanin manhaja na Salesforce, ya ce ba za su ƙara ɗaukar injiniyoyin manhaja a wannan shekarar ba tunda ƙirƙirarriyar basira na rage musu aiki. Wanda ya gama digiri yanzu zai ga talla an rubuta ƙaramin matsayi amma ana neman gogewar shekara uku, ya tura takardu ɗari, in ya yi sa'a a kira shi intabiyu zagaye biyar ko shida, daga nan shiru, ko saƙon ban haƙuri babu. Kuma yana gogayya ne da tsofaffin ma'aikatan Google da Meta da aka sallama.

Su kuma masu son zuwa daga waje, a Satumban 2025 gwamnatin Trump ta sanar da kuɗin dala 100,000 kan sabbin takardun neman H-1B, wanda kamfani ne zai biya kafin ma'aikacin ya shigo.