Auna Damar Samun Gurbi da Sake Neman Shiga Manyan Makarantun Kasuwanci

Auna damar samun gurbi shi ne lissafin da mai neman digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wato MBA, yake yi domin ya gane ko takardunsa za su iya tsallake tantancewar makarantar da yake so. Sake nema kuwa shi ne komawa da sababbin takardu, a wata kakar ɗaukar ɗalibai ta gaba, ga makarantar da ta taɓa mayar da mutum. Batutuwan biyu tare suke tafiya, domin a makarantun da suka fi shahara waɗanda ake mayarwa sun ninka waɗanda ake ɗauka sau da yawa, kuma a cikinsu akwai ɗimbin mutanen da ba a rasa komai ba a takardunsu.

Makarantun da yawan masu nema

A Amurka akwai makarantu bakwai da aka saba haɗawa a ƙarƙashin laƙabin M7: Harvard, Stanford, Wharton, Booth ta Jami'ar Chicago, Kellogg, Sloan ta MIT da kuma Columbia. Wharton, wadda aka kafa a 1881 a Jami'ar Pennsylvania, ita ce mafi daɗewa a cikinsu, Harvard kuma ita ta fara shirin MBA a 1908. A Turai ana lissafa INSEAD, wadda aka kafa a 1957 kuma mazauninta na asali yake garin Fontainebleau na Faransa, da Makarantar Kasuwanci ta Landan ta 1964.

Stanford ce ta fi tsauri wajen ɗauka. Ajinta na shekara bai wuce mutum ɗari huɗu da 'yan kai ba, kuma waɗanda take amincewa da su ba su kai kashi 10 cikin 100 na masu nema ba. Harvard tana ɗaukar sama da mutum 900 a shekara, amma masu nemanta kan kai dubu takwas ko fiye. Wannan ƙididdiga ba ta faɗa wa mutum ɗaya nasa rabon, saboda an gwama masu takardu masu ƙarfi da masu gwada sa'a a lissafi guda.

Abin da kwamitin tantancewa yake dubawa

Abu na farko shi ne shaidar cewa mutum zai iya karatun: sakamakon digirin farko da makin GMAT ko GRE, wato jarrabawar shiga da makarantun suke karɓa. An fara GMAT a 1954, kuma shekaru da dama ana ba da makinta daga 200 zuwa 800. A ƙarshen 2023 aka fito da sabon tsari mai sassa uku, lissafi da fahimtar rubutu da nazarin bayanai, kowanne na minti 45, makin kuma ya koma daga 205 zuwa 805. Ba a kwatanta makin tsarin biyu kai tsaye: 645 a sabon tsari yana daidai da kusan 700 a tsohon. Makin GMAT da na GRE, kowanne yana aiki har shekara biyar.

A nan ne masu nema suka fi ruɗar kansu. Makarantu kan wallafa makin tsakiya na ajin da suka ɗauka, wanda a Harvard da Stanford ya kasance tsakanin 730 da 740 a tsohon tsari, sai mutane su ɗauke shi tamkar makin cin jarrabawa. Ma'anarsa kawai ita ce kusan rabin ajin sun shiga da maki ƙasa da haka, alhali an mayar da mutane da yawa masu maki sama da shi. Maki mai kyau yana sa a karanta takardun mutum da hankali kwance, maki mai rauni yana sa a nemi wata hujjar da za ta cike giɓin, amma babu makin da shi kaɗai yake sayen kujera.

Bayan maki sai tarihin aiki. Yawancin ɗaliban waɗannan makarantu suna shiga ne bayan kimanin shekara biyar suna aiki, kuma abin da ake nema a ciki shi ne alamar ci gaba da jagoranci: ƙarin girma kafin lokaci, amanar da aka danƙa wa mutum, ko wani abu da ya canza a ma'aikata saboda shi. Wasiƙun shaida, galibi guda biyu, ana son ɗayansu ta fito daga shugaban da mutum yake aiki a ƙarƙashinsa kai tsaye, domin wasiƙar babban mutumin da bai san aikin mai nema ba ba ta da nauyi komai girman muƙaminsa. Sai maƙalu, inda Stanford ta daɗe tana tambayar mene ne ya fi muhimmanci ga mai nema kuma saboda me. Daga nan sai ganawa, wadda a yawancin makarantun sai an gayyaci mutum. Ta Harvard minti 30 ce, kuma ana buƙatar mutum ya aiko da gajeren rubutu a kanta cikin awa 24, Wharton kuwa tana zaunar da masu nema a ƙaramin rukuni su tattauna wata matsala ana kallonsu.

Akwai wani ma'auni da ba ya bayyana a fom. Kwamitin yana haɗa aji ne, kuma a makaranta irin Harvard, inda ake koyarwa ta hanyar muhawara a kan matsalolin kamfanoni na gaske, ajin da kowa ya fito daga sana'a ɗaya ba shi da amfani. Saboda haka ana auna mutum da takwarorinsa masu irin tarihinsa. Ma'aikacin banki ko na kamfanin ba da shawara yana gogayya da ɗaruruwan masu kama da shi, yayin da likita ko soja ko mai masana'antar sarrafa amfanin gona yake cikin rukunin da bai cika ba. Masu nema daga ƙasashe irin Nijeriya, inda jami'o'i da yawa suke auna sakamako a kan maki biyar, ana duba matsayin digirinsu ne bisa tsarin ƙasarsu. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na Yunin 2023, makarantun ƙasar ba su da damar sanya launin fata a matsayin ma'aunin ɗauka.

Lokacin miƙa takardu ma yana da tasiri, domin makarantun suna karɓar su ne zagaye-zagaye a cikin kaka guda. Zagaye na farko yakan rufe a Satumba, na biyu a Janairu, na uku wajen Maris ko Afrilu lokacin da kujeru da kuɗin tallafi suka ragu. Harvard ta daina zagaye na uku tun 2018.

Sake nema

Ƙa'idar da aka saba ita ce ba a neman makaranta ɗaya sau biyu a kaka guda, don haka wanda aka mayar a zagaye na farko sai ya jira shekara ta zagayo. Makarantun ba sa ɗaukar sake nema a matsayin tabo, kuma kowace shekara suna ɗaukar waɗanda suka taɓa mayarwa. Wharton da Booth da Kellogg da Columbia suna buƙatar ƙarin gajeruwar maƙala da mai sake nema zai bayyana abin da ya canza tun bayan nemansa na baya, kuma kwamiti na iya ajiye tsofaffin takardun kusa da sababbi yana kwatantawa.

Wahalar ita ce yawancin makarantu ba sa faɗin dalilin mayar da mutum, sai dai shi ya gano daga matakin da ya tsaya. Wanda ba a gayyace shi ganawa ba ko'ina, matsalarsa tana cikin takardu: maki, ko maƙalar da ba ta bayyana dalilin neman digirin ba, ko wasiƙun shaida masu yabo ba misali. Wanda ya kai ganawa sannan aka mayar da shi, takardunsa sun riga sun gamsar, sai ya duba yadda ya gabatar da kansa baki da baki. Wanda aka ajiye a jerin masu jiran tsammani har kaka ta ƙare shi ya fi kowa kusa, kuma sau da yawa ƙarancin kujera ne kawai ya tare shi.

Abin da ake iya gyarawa cikin shekara guda bai da yawa. Sakamakon digirin farko ya riga ya zauna, sai dai a rage nauyinsa da kwasa-kwasan lissafi ko ƙididdiga da aka ci da kyau. Ana iya sake GMAT har sau biyar cikin wata goma sha biyu, da tazarar kwana 16 tsakanin kowane zama. Ƙarin girma, sabon nauyi a wurin aiki da sauya mai rubuta shaida duk suna ƙirguwa. Sauya burin aiki baki ɗaya kuwa yana da haɗari, domin wanda ya ce bara harkar lafiya yake so, bana kuma ya ce zuba jari, sai ya kawo dalili mai gamsarwa, in ba haka ba a ɗauka yana faɗin abin da yake zaton ana son ji ne.

Jira ma yana da farashi. Kuɗin fom a waɗannan makarantu yakan kai dala 250 ko fiye kowace ɗaya, ban da kuɗin jarrabawa, kuma wanda shekarun aikinsa suka yi nisa da na sauran ajin yakan fi dacewa da shirin MBA na manyan ma'aikata ko shirin INSEAD na wata goma. Shi ya sa masu sake nema da yawa suke faɗaɗa jerin makarantunsu a karo na biyu, su haɗa wadda ta mayar da su da wasu biyu ko uku da makinsu da tarihin aikinsu suka fi dacewa da ajinsu.