Yadda kwantiragin bulokcen ke aiki: tambayoyin 'yan kasuwar Legas

A Agege da Idi-Araba ana ta hada-hadar USDT, kuɗin intanet da aka ɗaura darajarsa da dalar Amurka, wai "kwantiragi" ne ke riƙe da shi. Wane irin kwantiragi ne?

Wata ƙaramar manhaja ce da ke zaune a kan bulokcen, wato rijistar hada-hada da kwamfutoci da yawa ke riƙe da kwafinta, irin Ethereum ko Tron. Ta USDT tamkar littafin mai shago ce: wane adireshi ne ke da nawa. In ka tura wa abokin ciniki dala 500, lissafi ne kawai ya sauya a ciki.

Ta yaya ake haɗa ta?

Galibi da yaren Solidity ake rubutawa. Injin Ethereum, wato EVM, ba ya jin wannan yare, sai manhajar solc ta juya rubutun zuwa jerin lambobin umarni. Tana kuma fitar da ABI, wanda ke nuna wa walat, wato manhajar ajiya da tura kuɗin, yadda za ta kira ayyukan kwantiragin.

Ɗorawa fa?

Mai shi zai aika lambobin cikin wata hada-hada da aka bar gurbin mai karɓa babu komai. Da ta shiga bulo, wato rukunin hada-hadar da aka tabbatar, kwantiragin ya samu adireshinsa. Ana biyan gas, wato kuɗin aikin da kwamfutocin bulokcen ke yi, gwargwadon girman kwantiragin, kuma masu hankali kan fara gwaji a Sepolia, bulokcen gwaji na Ethereum, inda kuɗin ba na gaske ba ne.

Me ya sa ake cire min gas ko da aikin bai yi ba?

Nan ne ake yawan jin haushi. Duk kwamfutar da ke tantancewa sai ta bi umarnin ɗaya bayan ɗaya, kowanne da farashinsa. Tura ETH zalla, wato kuɗin Ethereum, gas 21,000 ne, kiran kwantiragi ya fi haka. In gas ya ƙare a tsakiya, ko wani sharaɗi bai cika ba, komai zai koma yadda yake, amma aikin da aka riga aka yi dole a biya shi. A ganina da hujja: in ba haka ba, wani zai cika hanyar da aikin banza kyauta.

In an yi kuskure, ana gyarawa?

Abin da aka ɗora ya ɗoru. A 2016 wata kafa a kwantiragin The DAO, wani asusun zuba jari a Ethereum, ta sa aka janye kusan ETH miliyan 3.6, rikicin da ya raba Ethereum da Ethereum Classic. Wasu kan bar wa kansu ƙofar sauya aikin, kamfanin Tether mai fitar da USDT ma na iya daskarar da USDT na wani adireshi. Kafin ka zuba kuɗi, duba a Etherscan, shafin duba bayanan Ethereum, ko an bayyana rubutun kwantiragin, da kuma wa ke riƙe da makullinsa.