Cikas ga rubuta maganin kariya daga HIV a matakin farko na kiwon lafiya

Maganin kariya daga ƙwayar cutar HIV, wanda aka fi sani da PrEP, magani ne da ake bai wa mutumin da ba ya ɗauke da cutar amma yake cikin haɗarin kamuwa da ita. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayar Truvada don wannan aiki a shekarar 2012, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar a riƙa bai wa duk wanda haɗarinsa ya yi yawa a 2015. Idan ana shan sa yadda aka tsara, yana rage haɗarin kamuwa ta hanyar jima'i da kusan kashi 99 cikin ɗari. Duk da haka, likitoci da ma'aikatan jinya na matakin farko, wato na asibitocin da mutum ke fara zuwa, waɗanda su ne masu lafiya suka fi gani, sun daɗe suna jan ƙafa wajen rubuta shi.

Babban cikas shi ne rashin sanin aikin wane ne. Ƙwararrun likitocin HIV sun san magungunan ciki da waje, sai dai masu zuwa wurinsu galibi sun riga sun kamu. Likitan matakin farko kuwa yana ganin waɗanda ba su kamu ba, amma yakan ɗauki duk wani maganin HIV a matsayin hurumin ƙwararru, sai ya tura mai neman maganin gaba. Shi kuma wanda aka tura, da yake babu abin da ke masa ciwo, sau da yawa ba ya ƙarasawa.

Daga nan sai maganar tambaya. Ba a gane mai buƙatar maganin da awon jini ko na'urar sauraren ƙirji, sai an tambaye shi yawan abokan kwanciyarsa, da ko yana amfani da kwaroron roba, da ko yana yi wa kansa allurar ƙwaya. Mutum ya zo a duba masa hawan jini, likita na da 'yan mintoci, layi na jira a waje, kuma shi kansa likitan yana jin nauyin buɗe wannan babi. Majiyyaci ma ba zai fara ba, musamman a ƙasashen da doka ke hukunta luwaɗi, karuwanci ko shan ƙwaya, inda abin da aka rubuta a katin asibiti kan iya zame wa mutum tarko. Saboda wannan ne ƙa'idojin cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka na 2021 suka ce a sanar da duk baligi da matashin da ke jima'i labarin maganin, kuma a bai wa wanda ya nema ko da bai bayyana dalilinsa ba.

Akwai kuma abin da ke cikin zuciyar mai rubuta maganin. Wasu na fargabar cewa wanda aka bai wa kariya zai watsar da kwaroron roba, cututtuka irin su ciwon sanyi su ƙaru. Fargabar ba ta rasa tushe ba, amma ba hujja ce ta hana magani ba, domin masu shan sa ana yi musu gwajin waɗannan cututtuka a kai a kai, ana kuma yi musu magani da wuri. Abin da ya fi muni shi ne yadda zato kan launin fata ko halin mutum ke sa likita ya yanke hukuncin cewa wane ba zai iya shan magani kullum ba, tun kafin ya gwada shi.

Aikin bibiya ma yana da nauyi. Dole ne a tabbatar mutum ba ya ɗauke da HIV kafin ya fara, domin magunguna biyun da ke cikin ƙwayar Truvada ba su isa su danne cutar ba, kuma ƙwayar cutar na iya bijire musu. Ana maimaita gwajin duk wata uku, ana duba lafiyar ƙoda, ana kuma gwada ciwon hanta nau'in B, wanda kan tashi da ƙarfi idan mai ɗauke da shi ya daina shan maganin kwatsam. Ƙaramin asibitin da ba shi da ɗakin gwaji yakan ga wannan ya fi ƙarfinsa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta, ta ce gwajin ƙoda ba tilas ba ne ga 'yan ƙasa da shekara 30 da ba su da matsalar ƙoda.

Tsada ta ragu tun da aka fara samun ƙwayoyin da wasu kamfanoni ke haɗawa da arha, amma sababbin allurai sun dawo da batun. Cabotegravir, da Amurka ta amince da shi a ƙarshen 2021, ana yin sa duk wata biyu, lenacapavir kuma, da aka amince da shi a 2025, sau biyu a shekara. Sun sauƙaƙa wa masu mantuwa, amma sun ɗora wa asibiti aikin sayo maganin, da neman amincewar kamfanin inshora, da kiran wanda ranar allurarsa ta wuce bai zo ba. Wasu wurare sun rage wa likitoci wannan kaya ta hanyar bai wa ma'aikatan jinya da masu harhaɗa magunguna izinin fara ba da ƙwayar, kamar yadda jihar Kalifoniya ta yi wa masu harhaɗa magunguna da dokar 2019.