Kabad da kantocin gefen murhun ɗumama ɗaki

Kabad da kantocin gefen murhu aikin kafinta ne da ake kafawa a lunguna biyun da ke dama da hagu da murhun ɗumama ɗaki, musamman a ƙananan falukan gidajen Birtaniya da Ayalan da Arewacin Amurka. Ana auna lungun ne, a yanka katako daidai da shi, a kafe shi a bango har ya zama wani ɓangare na ginin, saɓanin kabad ɗin kasuwa da ake jinginawa a ɗauke. Murhun da ake nufi a nan ba na girki ba ne. Rami ne a jikin bango inda ake hura itace ko kwal don jin ɗumi da hunturu, hayaƙin ya bi bututu ya fita ta saman rufi.

Asalin lungun

Magina ba su yi lungun don ajiya ba, bututun hayaƙi ne ya haifar da shi. A gidajen jeri da aka gina wa ma'aikata a Landan da Manchester da Leeds zamanin Sarauniya Victoria (1837 zuwa 1901), bangon da ke raba gida da na maƙwabci yawanci kaurin tubali ɗaya ne, kusan santimita 23. Murhu da bututunsa ba za su shige cikin wannan kauri ba, sai ginin ya turo cikin ɗaki kamar tozo, daga ƙasa har silin. Tozon kan turo kusan santimita 30 zuwa 40, ya bar lungu a kowane gefe, faɗinsa sau da yawa bai wuce mita ɗaya ba. Kujera ba ta zama a wurin da daɗi, gado ba ya shiga. A gida mai ɗaki biyu ƙasa biyu sama, barin wannan wuri fanko asara ce.

Ajiya kusa da wuta ta girmi gidajen jeri. A gidajen manoma na arewa maso yammacin Ingila, a ƙarni na 17, akan bar ɗan alkuki mai ƙofar katako a gefen murhu don gishiri da kayan yaji, saboda nan ne kaɗai danshi ba ya kai wa. Wasu ƙofofin har yau suna ɗauke da haruffan sunan masu gida da shekarar da aka sassaƙa. A ƙarni na 18 masu hali sun mayar da lungun wurin nuna tangaran, da baka a samansa. A benayen Edinburgh, babban birnin Scotland, akwai kabad marar zurfi da aka nutsar cikin bango, galibi dab da murhu. A Amurka kuwa, ƙananan gidaje na farkon ƙarni na 20 sun shahara da gajerun kabad na littattafai masu ƙofar gilashi a gefen murhu, da 'yar taga a saman kowanne.

Bayan hazon hayaƙin da ya rufe Landan a Disambar 1952 ya kashe dubban mutane, aka yi dokar tsaftace iska ta 1956, wadda ta taƙaita ƙona kwal mai hayaƙi a birane. Daga baya ɗumama gida da bututun ruwan zafi ya yaɗu, mutane suka toshe murahu da yawa. Tozon dai bai tafi ko'ina ba, lungunansa ma haka.

Tazara daga wuta

Idan murhun yana aiki, dokar gini ce ke fara yanke inda katako zai tsaya, kafin a zo kan kyau. A Ingila, kundin ƙa'idojin gini mai lakabin J ya ce daɓen murhu ya kai kaurin milimita 125, ya fito milimita 500 a gaban ramin, ya wuce shi da milimita 150 a kowane gefe. Abu mai kama wuta ya nisanci cikin bututu da milimita 200, ko kuma a bar ratar milimita 40 tsakaninsa da bayan ginin bututun. Inda aka sa murhun ƙarfe mai bututu tsirara, tazarar ita ce faɗin bututun sau uku. Ƙa'idar da yawancin jihohin Amurka ke bi ta hana katako matsowa ƙasa da inci 6 daga bakin murhu.

Ko an kiyaye duk wannan, zafi yana busar da katako ya sa shi tsagewa ko lanƙwashewa, shi ya sa kafintoci da yawa suka fi son allon MDF, wanda ake yi da garin katako da aka matse, ko filawud a kan katako ɗanye. Ana kuma buƙatar na'urar da ke ƙara idan iskar guba marar wari ta taru a ɗaki. Jibge itacen hura wuta manne da jikin murhun ƙarfe yana da kyau a hoto, amma hanyar gobara ce.

Tsari da awo

Tsarin da aka fi gani shi ne kabad mai ƙofa a ƙasa, tsayinsa kusan santimita 70 zuwa 90, da buɗaɗɗun kantoci a sama. Dalilin a fili yake: ƙasa tana ɓoye tarkace, wayoyi da kayan wasan yara da mitar gas ko ta lantarki, wadda a tsofaffin gidajen jeri sau da yawa a lungun falon gaba take. Sama kuma tana barin ido ya kai ga bango, ɗakin bai matse ba. Kabad mai ƙofa daga ƙasa har silin ya fi cin kaya, sai dai yana shafe tozon, bangon ya koma shafaffe, ƙaramin falo ya ƙara ƙanƙancewa. Wannan ya fi dacewa da ɗakin kwana.

Zurfi shi ne inda aka fi kuskure. Yawancin littattafai ba sa buƙatar fiye da santimita 20 zuwa 25, don haka kanta ta fi kyau idan ta tsaya ɗan baya da fuskar tozon. Kabad ɗin ƙasa na iya fitowa kaɗan, muddin bai hau daɓen murhu ba. Akwai kuma matsalar lotsawa. Kantar da aka cika da littattafai, idan aka ninka tsawonta sau biyu, lotsawarta tana ƙaruwa sau 16. Idan kuma kaurinta aka ninka, lotsawarta tana raguwa sau 8. Allon MDF mai milimita 18 ba ya jure nauyin littattafai a lungu mai faɗin mita ɗaya, sai an kafa sanduna a bangaye uku an ɗora shi, an kuma manna masa leɓen katako a gaba.

Tsohon gida ba shi da miƙaƙƙen bango. Lungu kan fi faɗi a baki ya tsuke a ciki, na dama kuma da wuya ya yi daidai da na hagu. Kafinta kan auna a wurare da yawa, ya haɗa akwatin ɗan ƙasa da mafi ƙanƙantar awo, sannan ya cike ratar da siririn katako da ya fiƙe bisa karkatar bangon. Neman gefe biyu su yi kama kamar tagwaye ba dole ba ne: wasu kan sa teburin rubutu a lungu ɗaya, littattafai a ɗayan, su daidaita tsayin kantocin kawai. Talabijin ma ta fi dacewa a kan kabad ɗin lungu fiye da saman murhu, inda zafi ke taɓa ta, mai kallo kuma ya yi ta ɗaga wuya.

Murhun da aka toshe

Idan an daina hura wuta, ramin kansa kan zama wurin ajiya, amma bututun yana buƙatar iska. A rufe shi ruf sama da ƙasa, danshi zai taru, ya narkar da gishirin tsohon baƙin hayaƙi, tabo mai ruwan ƙasa ya ɓullo a jikin filasta har ya ɓata littattafan da ke kusa. Maganinsa hula mai huda a saman bututu da 'yar kafar iska a ƙasa. Masu son rushe tozon gaba ɗaya don samun fili suna buƙatar amincewar hukumar gini da tokarar ragowar bututun da ke sama, kuma idan bangon na haɗaka ne, dokar 1996 ta Ingila da Wales ta wajabta sanar da maƙwabci a rubuce kafin a fara aiki.