Mene ne "simles tekca" da masu renda suke ta faɗa, kuma me ya sa ta jan bulo ta fi ba da wahala?

Duk wanda ya fara koyon zanen gini a kwamfuta, ko da SketchUp ne ko Blender ko 3ds Max, ko kuma yana kai aikinsa Lumion dan ya fitar da hoton da zai nuna wa mai gida kafin a sa harsashi, ba zai daɗe ba zai ji an ce masa "je ka nemo simles tekca ka saka a bangon nan". Da yawa suna saukewa su manna ba tare da sun san abin da kalmar take nufi ba, shi ya sa zaka ga renda, wato hoton ƙarshe da kwamfuta ke fitarwa daga zanen, ta fito da kyau ta ko'ina, sararin sama da motoci da shuke-shuke duk sun yi, amma bangon kana kallo ka san na kwamfuta ne.

Toh ita tekca hoto ne kawai, shimfiɗaɗɗe irin wanda kake ɗauka da waya, sai a lulluɓa shi a jikin abin da ka gina a 3D. Bangon da ka zana babu bulo ko ɗaya a cikinsa, fili ne sumul, hoton ne yake sa ido ya ga kamar birkila ya zauna ya jera. Dabarar ta daɗe, Edwin Catmull ne ya fito da ita a 1974 a binciken digirinsa na uku a Jami'ar Utah ta Amurka, shine wanda daga baya ya shugabanci Pixar, kamfanin fina-finan katun.

Inda matsala take shine hoton ƙarami ne bango kuma babba. Hoton da ke hannunka wataƙila faɗin mita ɗaya ya ɗauko, katangar da kake son rufewa kuma mita 20 ce, in ka ja shi ya rufe duka sai kowane bulo ya fi ƙofa girma kuma ya dusashe, dan haka manhaja sai ta riƙa maimaita shi, wannan kusa da wannan, wannan a kan wannan, har ta cika bangon. In hoton na gama-gari ne, duk inda biyu suka haɗu zaka ga layi ɓaro-ɓaro. Simles tana nufin wanda ba a ganin mahaɗarsa, an gyara shi yadda abin da ya yanke a gefen dama zai ci gaba daidai a gefen hagu, na sama kuma ya ci gaba a ƙasa. Kamar dai tela ne da ya iya aiki, in zai haɗa falle biyu na atamfa sai ya daidaita zanen yadda furen da ya rabu biyu zai koma guda, ka duba ka rasa ina ɗinkin yake.

A yashi ko ciyawa ko filasta wannan abu ne mai sauƙi tunda ba su da tsari, ko an ɗan kuskure ba mai lura. Bulo kuwa kowa ya san yadda ake jera shi ko da bai taɓa riƙe cokalin gini ba. Layin siminti na kwance dole ya miƙe daga wannan ƙarshen bango zuwa wancan, in ya goce ko da kaɗan ne a mahaɗa ido zai kama. Rabin bulon da ya ƙare a dama dole ɗaya rabin yana jiransa a hagu, da kala ɗaya da tsayi ɗaya. Sannan akwai wani abu da mutane ba sa lura da shi: a jeri na yau da kullum, wanda kowane bulo yake hawa kan rabin na ƙasansa, dole yawan sahun da ke cikin hoton ya zama mai rabuwa biyu, 6 ko 8 ko 10. In sahu 7 ne, to na ƙarshe da na farkon hoton da zai hau kansa za su zo iri ɗaya, haɗi ya hau kan haɗi, abin da duk magini na kirki ba zai taɓa yarda da shi ba saboda nan bango yake fara tsagewa. Akwai kuma jerin da ake kira na Ingila, sahu ɗaya a kwance ta tsawo sahu ɗaya ta kai, da na Filemish da ake cakuɗa su a sahu guda, kowanne da inda ya kamata a yanke shi.

Ni a wajena abin da ya kamata mai koyo ya riƙe shine simles gefen hoto kawai ta gyara maka, ba ta yi alkawarin bangon zai yi kama da gaske ba. Farko akwai girma, kuma wallahi nan aka fi faɗuwa. Jan bulo na ma'aunin Ingila tsawonsa milimita 215 ne, tsayi 65, da siminti milimita 10 ya zama 225 da 75. Kaga kenan in hotonka yana da sahu 8 to tsayinsa santimita 60 ne, haka zaka gaya wa manhaja, kuma ƙofa mai tsayin mita 2.1 ya kamata ka ƙirga sahu 28 a gefenta. Bulon siminti namu na inci tara kuwa tsawonsa milimita 450 ne tsayi 225, wajen sahu 9 ya kai kan ƙofa. In ka ɗauki hoton jan bulo ka buɗe shi har ya kai girman bulon siminti, gidan gaba ɗaya sai ya koma kamar na wasan yara, mai gida ba zai iya faɗin abin da ya dame shi ba amma zai ji wani abu bai zauna ba.

Na biyu maimaici. A ce a cikin hoton akwai bulo ɗaya da ya ƙone ya fi saura duhu, daga kusa shi ke ƙara kyau, amma da ka ja kyamara baya sai ka gan shi yana dawowa duk bayan mita ɗaya a jere a jere har ƙarshen katanga. Maganinsa ko ka nemi hoton da ya ɗauko fili babba mai bulo da yawa, ko ka goge duk abin da ya fita daban, ko kuma ka ɗora wani datti a sama wanda shi ba ya maimaituwa, wato jar ƙasar da ruwan sama yake fantsama wa gindin bango, da zirin baƙi da ke sauka ƙarƙashin taga da bakin indararo, da ƙurar da ke kwanciya a saman katanga. Blender ma tana da nata tsarin bulo na ciki da lissafi yake fitarwa ba hoto ba, shi ba ruwansa da mahaɗa, sai dai yana fitowa tsaf-tsaf fiye da kima sai ka lalata shi da kanka.

In ka shiga shafukan intanet na sauke tekca irin su Poly Haven ko ambientCG, inda kayansu kyauta ne kuma an yarda ka yi kasuwanci da su, zaka ga ba hoto ɗaya ake ba ka ba, tarin hotuna ne kuma dukkansu simles ne a kan ma'auni ɗaya. Akwai na kala. Akwai mai fari da baƙi da ke nuna kaushi, shi ke hana bulo ƙyalli kamar roba. Akwai mai ruwan shuɗi-shuɗi da ake kira nomal, wanda yake yaudarar haske ya yi inuwa a ramin siminti alhali bangon sumul yake, asalin wannan tunani na wani masanin zanen kwamfuta ne mai suna Jim Blinn tun 1978. Sai na tudu da kwari wanda shi da gaske yake tura bulon waje, ka leƙa kusurwar bango ka ga haƙora, amma yana cin ƙarfin kwamfuta sosai, a ajiye shi sai bangon da kyamara za ta matsa kusa. Dan Allah a kula da nomal ɗin nan, iri biyu ne, Blender tana son na OpenGL, manhajar Unreal kuma na DirectX, in ka musanya sai inuwa ta juye simintin ya yi kamar shi ne ya fito waje bulon ya shige ciki. Batun girman fayil kuma, 2K wato 2048 ya isa yawancin bango, ba sai ka ƙona data a 8K laftof ɗinka ta riƙa numfashi ba.

Abin da ke damuna shine kusan duk bulon da ke waɗannan wuraren na ƙasashen waje ne, kalarsa da yanayin tsufansa na can ne, sai a zana gidan da za a gina a Kaduna ko Maraɗi a lulluɓe shi da bangon Landan. Tubalinmu na gargajiya dama yaɓe ake rufe shi da shi ba a barinsa a fili, amma jan bulo da bulon siminti da ba a yi wa filasta ba ga su nan ko'ina, kuma haɗa naka ba wuya. Ka tsaya saitin bangon ba a karkace ba, ranar da akwai gajimare ko lokacin da bangon yake cikin inuwa gaba ɗaya, saboda in rana ta bugi gefe ɗaya hasken zai zauna a hoton ya riƙa maimaituwa shi ma. Ka auna wurin da tef ka rubuta. A Photoshop ko GIMP sai ka miƙar da layukan, ka yanke a tsakiyar layin siminti, ka tura hoton da rabinsa ta gefe da ta sama da abin da suke kira Offset yadda gefuna huɗun za su dawo tsakiya, nan zaka ga mahaɗar ƙuru-ƙuru ka bi ta kana gyarawa bulo bayan bulo. In ka gama kar ka yarda da shi tukuna, jera shi biyar a kwance biyar a tsaye ka ƙanƙantar da allon, sannan ka saka shi a bango mai kusurwa ka duba ko layin siminti ya zagayo ɗaya gefen a tsayi ɗaya.