Haɗuwar Zukata a Nazarin Ɓoyayyen Tunani

Haɗuwar zukata ra'ayi ne a fannin nazarin ɓoyayyen tunani, wato jinyar damuwa ta hanyar tattaunawa wadda Sigmund Freud ya assasa. Masu wannan ra'ayi suna ganin likita ma da tarihinsa da fargabarsa yake shiga ɗakin jinya, saboda haka duk abin da ya taso a zaman, shi da majiyyaci ne suka gina shi tare.

A 1912 Freud ya shawarci likita ya zama tamkar madubi, kada ya nuna wa majiyyaci komai sai abin da aka nuna masa. Daga ƙarshen shekarun 1970, Robert Stolorow da George Atwood a Amurka suka ce hakan ba ya yiwuwa, domin ko shirun likita saƙo ne da majiyyaci ke karantawa. A 1988 Jessica Benjamin ta ƙara da batun gane juna: girman yaro yana tafiya da fahimtarsa cewa uwa ma mutum ce mai nata buƙatu.

Hujja mafi ƙarfi daga jarirai ta fito. A gwajin Edward Tronick na shekarun 1970, uwa takan daskarar da fuskarta na ɗan lokaci. Jariri sai ya yi ta murmushi, yana miƙa hannu don ya dawo da ita. In abin ya faskara, ya kau da kai ya fashe da kuka. Tun kafin ya iya magana, yana jiran amsa.

Alaƙa da kimiyyar ƙwaƙwalwa ta ƙarfafa a farkon shekarun 1990, lokacin da tawagar Giacomo Rizzolatti a Jami'ar Parma ta Italiya ta gano wasu ƙwayoyin jijiya a ƙwaƙwalwar biri. Suna motsawa idan birin ya ɗauki abinci, suna kuma motsawa idan ya ga wani yana ɗauka. A 1996 aka raɗa musu suna ƙwayoyin madubi, Vittorio Gallese, ɗaya daga cikin tawagar, kuma ya danganta su da yadda jiki ke kwaikwayon halin wani a ɓoye.

A nan ya kamata a yi hattara. Yawancin awon da aka yi wa ƙwayoyin kai tsaye a birai aka yi shi, kuma masana irin su Gregory Hickok sun musanta cewa waɗannan ƙwayoyi ne tushen fahimtar manufar wani. Hoton ƙwaƙwalwa yana nuna inda motsi ya auku, amma ma'anar da majiyyaci ya ba wa kallon da likitansa ya yi masa sai an zauna an saurare shi.